Shekarar da Muka Auna Kuza

Ranar da kuka zo gaishe ni, ku malaman kimiyya na makarantun Tambuwal da Kebbe, na ji Malam Nasiru yana faɗa wa na kusa da shi cewa abin da na yi a Turai ba aiki ba ne, zama ne cikin sanyi ana danna kwamfuta. Ban tanka masa ba a lokacin, bakina da goro. Sanyi kam akwai shi, kwamfuta ma akwai. Bari in gaya muku sauran.

Aikin farko da ake ba sabon shiga a wurinmu shi ne liƙa waya. Za a miƙo maka wani ɗan falle baƙi mai ƙyalli, faɗinsa bai kai ƙwayar gero ba, kaurinsa kamar ɓawon albasa. A kansa za ka liƙa wayoyin zinariya guda huɗu, kowace ta fi gashin kai siranta. Biyu su shigar da wuta, biyu su auna, kuma kada ɗaya ta taɓa 'yar'uwarta. Man liƙawar na azurfa ne, ana ɗibarsa da gashin ido guda ɗaya da aka ɗaure a bakin tsinken sakace. Gashin idon naka ne, ofis ba ya rabawa. Kana leƙe ta madubin ƙara girma, ka riƙe numfashi, domin in ka sake shi fallen zai tashi, kuma ban taɓa ganin wanda ya tashi ya dawo ba. Mutumin da ya yi watanni yana dafa fallen a tanderu, a wata ƙasa, yana tsaye a bayanka yana cewa kada ka damu.

Fallen nan ƙarfe ne, irin wanda maƙera ke bugawa a Jabo, amma an haɗa shi da wasu sinadarai, ɗaya daga cikinsu ma guba ce. In aka sanyaya shi ƙwarai, sai wutar lantarki ta riƙa bi ta cikinsa ba tare da wata turjiya ba. Ba ya ɗaukar zafi, ba ya rage komai daga wutar. Kun san wayar da ake ja zuwa ƙauye, wani kaso na wutar a hanya yake ƙarewa. Wannan ba ya cin ko ƙanƙani. Sufakondakta ake ce wa abu mai irin wannan hali. An daɗe da sanin wasu, amma ba wanda ya zaci ƙarfe zai shiga sahu, domin ƙarfe abokin maganaɗisu ne, maganaɗisu kuwa shi ne ke kashe wannan halin. Da aka gano haka a 2008, duk mai tanderu a duniyar wannan ilimi ya kunna tanderunsa, kuma abin da suka dafa wurinmu suka riƙa kawowa.

Mu kuma namu shi ne mu leƙa ciki. Ƙwayoyin lantarkin da ke cikin ƙarfe ba yawo suke yi yadda suka ga dama ba. Suna da burtali, kamar shanu a tsakanin gonaki: nan a bi, nan kada a bi, ga mashekari babba inda suke taruwa, ga ƙarami. Taswirar wannan burtalin muke zanawa, don in ba ka san inda suke bi ba, ba za ka san abin da ya hana su tuntuɓe ba. Hanyar ita ce a saka fallen a tsakiyar maganaɗisu mai ƙarfin gaske. Da farko maganaɗisun ya kashe halin nan na ban mamaki, wato abin da muke son fahimta shi muke fara kashewa. Daga nan ya tilasta wa ƙwayoyin su riƙa kewaye. Kana ƙara masa ƙarfi, sai layin da ke kan allon kwamfuta ya fara rawa, ya hau ya sauka, ya hau ya sauka. Tazarar da ke tsakanin hawa da hawa ita ke gaya maka girman kowane mashekari. Sana'ar ke nan. Neman layi mai rawa.

Ba a jami'a na fara koyonta ba. Ni ɗan Fakku ne. Mahaifina na da gona da 'yan shanu, Inna kuma na sayar da hatsi a rumfarta a kasuwar Kebbe. Da na samu shiga sakandare a Tambuwal, aka ajiye ni gidan ƙanin Inna, Kawu Altine, wanda ke da shagon naɗin waya a bayan tashar mota. Fanka, injin niƙa, injin ban ruwa, janareta, duk abin da ya ƙone nan ake kawo shi. Ranar farko ya turo mini wani injin ban ruwa na wani mai lambu daga Sanyinna, yana warin ƙauri.

Ya ce, "Kwance shi. In ka ga yadda anka naɗa shi, ka san yadda za ka maishe shi."

Na sa hannu na fizgo wayar, ta tsinke gida uku. Kawu bai ɗago daga abin da yake yi ba.

"Mi kaka sauri? Mai injin ya tafi gida, sai ran kasuwa."

Shekarun da na yi a shagon nan, abu ɗaya suka saka mini: hannu. Yadda za ka ja wayar jan ƙarfe ba ta yi sako-sako ba, ba ta kuma tsinke ba. Yadda za ka ɗiga dalma daidai wurin, ba tuli ba. Yadda za ka dafa gefen hannunka a kan tebur don kada ya yi rawa. Kawu ba ya yabo. In aikinka ya yi kyau, sai ya miƙo maka wani.

Daga nan na yi jami'a, na karanta kimiyyar lantarki da abin da ya danganci ta, na koyar na ɗan lokaci, sannan na samu tallafin ƙaro karatu a waje. Da na gama, na nemi aiki a wani wurin bincike mai manyan maganaɗisu. Shugabar sashen wata dattijuwa ce, Madam Irina, doguwa, ba ta dariya sai in wani abu ya lalace. Takarduna ta ture gefe, ta ajiye mini madubi da wani mataccen falle, ta ce in liƙa. Na liƙa. Ta leƙa ta daɗe.

"Wa ya koya maka?"

Na ce kawuna.

"A wace jami'a yake?"

Na ce yana bayan tashar mota.

Ta ce in fara ranar Litinin.

Yanzu maganaɗisun. Ku cire mayen ƙarfen da ke bayan lasifika daga ranku. Namu faifan jan ƙarfe ne aka jera ɗaya kan ɗaya, aka matse, aka zuba su cikin wata ganga da ta fi mutum tsawo. Naɗin waya ne dai, irin na shagon Kawu, sai dai wutar da yake sha in an kunna shi ta fi ta Tambuwal da Kebbe a haɗe, ko da a ranar da aka kawo wutar. Don kada ya narke, ana tura ruwa ta cikinsa da ƙarfi, ƙarar kamar kana tsaye a gindin injin niƙa. Duk wannan ƙaton abu, ramin da ke tsakiyarsa inda ake aiki bai fi a zura taɓarya ba.

Akwai jan layi a ƙasa kewaye da shi. Ba a tsallake layin da ƙarfe a jiki. Kowane baƙo sai na faɗa masa, kowane baƙo kuma sai ya ce ya sani. Wani farfesa mai ƙiba ya tsallake da sifana a aljihun baya. Sifanar ta fita ba ta yi sallama ba, ta tafi da aljihun, ta manne a jikin gangar. Sai da aka kashe wuta aka ciro ta, aikin yinin ya tafi. Madam Irina ta yi dariya ranar. Ni kuma agogona na farko can ya tsaya, na biyu ma haka. Ban sayi na uku ba.

Sai ruwan hiliyam, wanda da shi ake sanyaya fallen. Iska ce aka matsa ta har ta zama ruwa, sanyinsa ya kusa inda sanyi ya ƙare. Ana kawo shi cikin manyan tuluna na ƙarfe masu taya. Halinsa ɗaya da ƙanƙarar masu sayar da zoɓo a watan bazara: ko ka yi amfani da shi ko ba ka yi ba, tafiya yake yi. Ba a yin sa a masana'anta, daga ƙarƙashin ƙasa ake samo shi, a wurare kaɗan a duniya. In ɗaya daga wuraren nan ya tsaya, mu ma mun tsaya.

Masu kawo mana aiki kuwa iri-iri ne. Kowa sai ya rubuta roƙo, kwamiti ya zauna, a ba shi 'yan kwanaki a shekara. In kwanakinka suka wuce ba ka samu komai ba, sai baɗi. Akwai mai zuwa da falle goma, tara matattu. Akwai wanda ya zo da nasa a aljihun riga cikin takarda, alhali irin wanda iska ke ɓatawa ne, muka buɗe muka tarar da toka. Ya tambaye ni ko za a iya aunawa a haka. Na ce za a iya, amma taswirar toka za mu samu. Akwai manyan da ba sa zuwa, sai su turo ɗalibi, su kuma su riƙa bugo waya suna tambaya ko layi ya fara rawa. Akwai wanda na liƙa wa wayoyi tun safe har azahar, ya sunkuyo don ya yaba, ya yi atishawa.

In na zo hutu gida, nan ma akwai masu kawo aiki. Wata shekara taransifomar unguwarmu a Tambuwal ta ƙone, mai unguwa ya zo da kansa.

"Bello, an ce kai na likitan wuta can Turai. Ga taku ta gida ta kwanta."

Na ce, "Ranka ya daɗe, ni tawa wutar sai an sanyaya ta fiye da ƙanƙara take aiki."

Ya dube ni. "Nan Tambuwal?"

Na ce a'a.

"To, Allah shi ba da sa'a," in ji shi, ya wuce shagon Kawu.

Yanzu bari in zo kan mummunar shekara, domin kowace sana'a na da tata.

Ta fara da ƙarancin hiliyam. Tulun da muke samu a mako sai ya koma na wata. Ana cikin haka, babban maganaɗisunmu ya tsage daga ciki, ruwa ya malale ɗakin har idon sawu, gyara ya ci watanni. Masu ba wurin kuɗi suka aiko cewa a ƙarshen shekara za su duba sashenmu, su ga ko ya cancanci a ci gaba da shi. Ba mu da wani sakamako da za mu nuna musu. Kwantiragina kuma shekara-shekara ake sabunta shi.

A cikin wannan hali Samira ta zo. 'Yar Masar ce, tana digirin dakta a wata jami'a a ƙasar da ke maƙwabtaka da wadda nake aiki, kuma tana shekararta ta ƙarshe ta tallafi. 'Yar siririya, ba ta da yawan magana, kullum da jakar goyo. Ustaz take ce mini, haka suke kiran na gaba da su a ƙasarsu. Ita da kanta ta dafa fallayenta. Yadda ake yi a lokacin, ana narkar da kuza, a zuba ƙarfen da sauran sinadaran a ciki, a bar shi ya huce a hankali, sai fallayen su fito kamar yadda gishiri ke fitowa a gindin tukunya. Daga baya a tsiyaye kuzan. Nata fallayen manya ne, sumul, masu sheƙi. Ban taɓa liƙa waya a kan abu mai daɗin liƙi kamar su ba.

Muka sanyaya, muka kunna. Wuta na hawa, layi na tafiya miƙe, sai ya fara rawa. Ba irin rawar da sai ka ƙanƙance ido ba. Daga bakin ƙofa kana iya ganinta. A irin wannan ƙarfen ba wanda ya taɓa samun haka. Malamin Samira ya yi ihu a waya har na ji daga inda nake zaune. Madam Irina ta aika aka sayo kek. Ta ce da wannan kaɗai za mu tsallake duban ƙarshen shekara.

Washegari muka fara karkatar da fallen. Wannan ƙa'ida ce. Ƙarfen namu hawa-hawa yake kamar an jera faifai, saboda haka in ka karkatar da shi a cikin maganaɗisu, dole hawa da saukar layin su riƙa matsowa kusa da juna, ta wata hanya da kowa ya sani. Muka karkatar kaɗan. Sun motsa, amma ba yadda ya kamata ba. Muka ƙara. Wasu suka matso, wasu suka tsaya inda suke. Na ce wataƙila fallen ya ɗan goce a mazauninsa, yakan faru. Malaminta ya ce wataƙila sabon abu ne, wanda ma ya fi daɗi.

Hiliyam ɗin da ya rage mana na sanyayawa sau ɗaya ne. Shirin shi ne a sake ɗaura fallen daidai, a ƙarasa sauran kusurwoyin, a rubuta takarda. Ina shirya kayan sai ta zo ta ajiye wani ɗan ƙulli a gabana. Na buɗe. Ɗan ɗigon ƙarfe ne fari, irin wanda ke ɗiga daga bakin abin liƙin dalma.

"Mene ne wannan?"

"Kuza ne, Ustaz. Daga gindin tukunyar da na dafa fallayen na ɓanɓaro shi. Shi nake so mu auna."

Na gane inda ta dosa. Kuza ƙarfe ne mai tsabta, burtalinsa a share yake, muryarsa na da ƙarfi. In ɗan kaɗan ya maƙale a tsakanin faifan fallen, shi za a ji, ba ƙarfen ba.

Na ce, "Bari in lissafa miki. In muka auna kuzan ya yi shiru, kin ƙona ruwanki a banza, ba ki da sauran kusurwoyin, takarda ba ta cika ba. In ya yi rawa, ba ki da komai. Ta ko'ina asara ce."

"Na lissafa."

"Tallafinki kuma?"

"Shi ma na lissafa."

Ta buga wa malaminta waya. Mutumin kirki ne, ban musa ba. Ya ce a ƙarasa kusurwoyin yanzu, a fitar da takarda, gwajin kuza a yi shi daga baya. Daga baya kuwa na nufin baɗi, in akwai hiliyam, in akwai sashen. Muka je wurin Madam Irina mu biyu. Ta saurara tana juya ɗigon kuzan a tafin hannunta. Ta san abin da ke kan sashenta fiye da kowa.

Ta ce, "Kwanakin naki ne. Mai kwanaki shi ke cewa abin da za a saka a rami."

Samira ta ce, "Kuza."

Madam ta miƙo mini shi. "Liƙa da kyau. Kada a ce hannu ne."

Na liƙa da kyau. Kuza ba ya tashi in ka yi numfashi, wannan kam na yaba masa. Muka zura shi, muka zuba ruwan da ya rage, muka kunna. Mu uku muna tsaye a gaban allo. Wuta na hawa, layin ya fara rawa. Samira ta buɗo tsohon layin fallenta ta ɗora a kan sabon. Hawa ya zauna kan hawa, sauka ta zauna kan sauka, kamar an haife su ciki ɗaya.

Wato duk murnar da muka yi, kuza muka yi wa. Irin wanda ake haƙowa a Jos tun zamanin kakanninmu, wanda an gama zana taswirarsa tun kafin a haife ni. Mun kunna wutar gari biyu mun tabbatar da cewa har yanzu kuza kuza ne.

Madam Irina ta kashe maganaɗisun da hannunta, ƙarar ruwan ta lafa. Samira ta adana layin, ta ba shi suna da kwanan wata kamar kowane layi. Sannan ta tambaye ni ko la'asar ta yi. Na ce ta yi. Akwai ragowar kek a kan tebur, bayan salla muka cinye shi, don bai yi laifin komai ba.

Abin da ya biyo baya ba mai tsawo ba ne. Samira ta rubuta 'yar gajeriyar takarda tana gargaɗin masu dafa falle a cikin kuza su kula. Wasu sun gode mata a ɓoye, don ashe ba ita kaɗai ta ga irin wannan rawar ba. Masu duba sashe suka zo, suka ga ba mu da abin nunawa sai gargaɗi. Ba su rufe mu ba, amma sun rage mutane. Aka ce mini shekara ɗaya za a ƙara mini, daga ita shi ke nan. Tallafin Samira ya ƙare. Ta koma koya wa 'ya'yan mutane lissafi a gidajensu, tana wanke kwanuka a wani gidan abinci, abin da ya rage na lokacinta tana gaban tanderu.

Ta dawo a watannina na ƙarshe. Wannan karon ba da kuza ta dafa ba. Fallayen ƙanana ne, munana, gefensu a kakkarye, mafi girmansu bai kai rabin na da ba. Biyu sun tashi daga hannuna. Na uku ya zauna. Muka kunna, layi ya tafi miƙe, har na fara tunanin abin da zan ce mata. Can kusa da ƙarshen ƙarfin maganaɗisun ya ɗan yi wani motsi, wanda in ba an nuna maka ba za ka ce datti ne a kan allo. Muka maimaita, muka maimaita, muna ɗora layi kan layi don hayaniya ta kwanta, har motsin ya fito. Muka karkatar. Ya matso, daidai yadda ƙa'ida ta ce. Mashekarin ƙarami ne, ya fi abin da masu lissafi suka yi hasashe ƙanƙanta, kuma wannan kansa labari ne. Ba a sayo kek ba. Da shi ta gama digirinta.

Na san Malam Nasiru zai tambaya, to me aka samu? An samu taswira, ɓangare ɗaya, na ƙarfe ɗaya. Dalilin da ya sa ƙarfen ke barin wuta ta wuce ba turjiya, har yau ana gardama a kai. Wayar da ba ta cin wuta kuwa, kada ku jira ta a Kebbe bana.

Na dawo gida, na kama koyarwa, ga ni kuna zuwa kuna gaishe ni. Kawu Altine ya rasu, 'ya'yansa ke riƙe da shagon. Inna ta tsufa, na ɗauko ta daga Fakku ta dawo wurina, rumfar tata kuma jikokinta ke zama, tana ta ƙorafin ba su iya awo ba.

Shekaru bayan dawowata Samira ta zo wani taron masana a Sakkwato. Lokacin ta zama malamar jami'a, da nata ɗaliban. Ta ce ba za ta koma ba sai ta ga Tambuwal. Na aika mota ta ɗauko ta, na sa aka yanka rago. Inna na zaune a kan tabarma a tsakar gida tana kallon hidimar da ake yi. Samira ta durƙusa ta gaishe ta da Larabci, Inna ta amsa da abin da ta sani na addu'a. Da baƙuwa ta fara shan fura, Inna ta yafito ni.

"Wagga mi tay yi maka, da kaka yi mata yanka?"

Na ce, "Inna, ita ce ta sa aka sallame ni daga aiki."

Inna ta sake duban Samira daga sama har ƙasa.

"Mi tas sata?"

"Ba ta saci komai ba. Hatsi ta kawo, kowa ya yaba, har an gama ciniki. Sai ita da kanta ta ce a zazzage buhun, tana zaton akwai tsakuwa a ƙasa."

"An iske?"

"An iske."

"Mai saye ya gani kafin nan?"

"Bai gani ba. Da ba zai gani ba sai bayan shekaru, in ma ya gani."

"Buhun nata na? Ba na wani ba?"

"Nata ne, Inna. Shi kaɗai gare ta."

Inna ta ci gaba da murza carbinta. Samira ta dube ni tana jiran in gaya mata abin da ake cewa, na ce ta ɗan dakata. Can Inna ta tura mata ƙwaryar furar kusa.

"Ce mata in aikin ƙasarsu ya ƙiya, ta taho. Rumfata na nan Kebbe, ba ni da wanda nika bar ma mudu."

Na fassara mata kalma bayan kalma. Samira ta ajiye ludayi, ta goge bakinta, ta tambaye ni wace rana kasuwar ke ci.